Amsa Ɗari a Kan Carbi

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, wasu da gangan, wasu kuma shekaru ne suka fara kwashewa. Amma watannin da na yi ina fama da jarrabawar zama ɗan ƙasar Amurka, waɗannan kam ba za su fita daga kaina ba har a mayar da ni ƙasa. Na zauna rubuta labarin ne don na gaji da ba da shi da baki. Duk wanda na ba wa sai ya fashe da dariya a daidai wurin da ni ba na jin dariya.

Bari in fara da gaskiya, ni ba ɗan boko ba ne. Aji huɗu na yi a firamare a wani ƙauye kusa da Kano, daga nan sai gona da kasuwa. Karatun da na yi sosai na allo ne, a zauren malamin unguwarmu, kuma a can ban yi wasa ba, izu ashirin na haddace kafin in bari. Turancina kuwa na wurin aiki ne. Shekara goma sha uku ina loda kujeru da gadaje a wani sito a nan Greensboro. Na san ɗauko, na san ajiye, na san yi sauri, na san zagi idan an zage ni. Amma da zarar an ja magana ta yi tsawo, sai in riƙa gyaɗa kai har mai maganar ya gaji ya tafi.

Ban taɓa damuwa da fasfon Amurka ba. Ina da girin kad, wato katin izinin zama a ƙasar, ina da aiki, muna da ɗan gidan haya a Glenwood cikin ɗaliban jami'a masu yawo a kan keke, yara suna makaranta. Abin da ya tayar da ni tsaye shi ne Inna. Ni ne ɗanta na fari, ita kuma irin matan da ce, ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa roƙona komai ba. Ko a waya sai ta tambayi jikoki, ta tambayi matata, sannan ta miƙa wa ƙanwata wayar. A shekarar ƙafafunta suka daina ɗaukarta, ƙanwar tawa ce ke jinya, ita ma ga nata gidan da nata yaran. Bayan babbar Sallah muna waya sai ta ce, "Yaya, Inna ta ce a gaya wa wancan, in da hali ya zo a yi azumi mai zuwa tare." Wancan ɗin ni ne. Shekara hamsin da ɗaya ina duniya, wannan ne abu na farko da ta nema a wurina.

Ba zuwan sati uku nake so ba. So nake in ajiye aiki in je in zauna da ita har yadda Allah ya yi. To amma mai girin kad idan ya daɗe a waje yana iya dawowa ya tarar ƙofa a rufe, ga mata da yara a nan. Kowa ya ce magani ɗaya ne, in zama ɗan ƙasa, in je in yi shekara goma in na ga dama. Matata ta taimaka muka cike takardu muka tura. Ita ta zo bayana ne, lokacin nata bai yi ba tukuna, amma tana aiki a gidan kula da tsofaffi, don haka Turancinta ya fi nawa nesa ba kusa ba. Ita ce ta karanta mini cewa ranar intabiyu za a yi mini tambayoyi a kan tarihin ƙasar da yadda gwamnatinta take. Tambaya ɗari ce a ɗan littafin, za a yi mini goma, sai na ci shida.

Na buɗe littafin na rufe. Washegari na buɗe na sake rufewa. Rana ta uku na ɗauke shi na tafi wurin Alhaji.

Alhajin nan dattijo ne mutumin Damagaram ta Nijar, mai sirka Hausarsa da Faransanci, yana da shagon kayan abincin gida, daddawa da kuka da manja da busasshen kifi. Ya riga kowa zuwa garin nan, ya riga kowa samun fasfo, kuma duk Bahaushen da ya sauka Greensboro, daga Nijeriya ko daga Nijar, a shagonsa ya fara jin inda ake neman aiki. Da yake ni Bakano ne shi Badamagare, akwai wasa tsakaninmu, ina iya gaya masa abin da wani ba zai iya ba.

"Bakano," ya ce da ya gan ni, "me ya faru ka shigo da fuska kamar an rushe maka rumfa a kasuwar Kwari?"

Na ajiye masa littafin a kan kanta. Ya ɗaga shi da yatsa biyu, ya juya, ya ajiye.

"Bon. Izu nawa ka haddace?"

"Ashirin, Alhaji."

"Izu ashirin a kanka, kake tsoron layi ɗari? Ku dai Kanawa in ba ciniki ba, kanku ba ya ja. Saurara. Tambaya tasu ce, amsa ce taka. Me za ka yi da tambaya? Ba ka ga kowacce da lambarta ba? Mutumin zai ce lamba kaza, kai kuma ka sauke masa amsa. Ya kira goma, ka ci shida, dakor, an gama."

Wallahi a lokacin ji na yi kamar an sauke mini buhun siminti daga ka. Tambayoyin ne dogaye, su ne suke ba ni tsoro. Amsoshin kuwa gajeru ne, wata kalma ɗaya, wata uku. A ranar Alhaji ya sa surukinsa ya ɗauki murya a waya, yana faɗin lamba da Hausa, amsa da Turanci, daga ɗaya har ɗari, aka turo mini.

Na koma gida na ɗauko carbina. Ƙwaya casa'in da tara ce, in ka haɗa da doguwar nan da ke kai ɗari ke nan cif. Na ce wannan ai daga Allah ne. Kowace ƙwaya na ɗora mata amsa ɗaya. Na yi yadda aka koya mini tun ina yaro: biyar a rana, ba na ƙari sai na jiya ya zauna, ranar Juma'a kuma in yi tilawa tun daga farko. A mota ina yi, a wurin aiki lokacin hutu ina zaune a kan kwali ina rangaji ina yi, har abokan aikina suka daina yi mini magana don sun ɗauka addu'a nake. Na ɗaya, kwanstitushan. Na ashirin da bakwai, Nuwamba. Na sittin, Afirikans. Na tamanin da takwas, Misisifi. Ban san me ya faru a Nuwamba ba, ban san me Afirikans suka yi ba, Misisifi kuwa na san akwai jiha mai wannan suna, sai na ɗauka ita ake nufi. Ban damu ba. Ai da muna yara ma ba a fassara mana, kuma karatu ya zauna.

Cikin wata huɗu na sauke. Ko daga barci ka tashe ni ka ce saba'in da uku, zan ba ka. Har Alhaji yana gwada ni a gaban masu sayayya, yana cewa su zo su ga Bakanon da ya yi hankali.

Matata ce kawai ba ta gamsu ba. Wata safiya tana haɗa abincin da za ta tafi da shi aiki ta ce, "Malam, ni fa na karanta takardar nan sau uku, ban ga inda aka ce za a kira lamba ba."

"Kin taɓa shiga ɗakin?"

"Ban taɓa ba."

"To Alhaji ya shiga."

Amma ba ta bari ba. Da takardar ranar intabiyu ta iso, an sa ni farkon Rajab, wata biyu kafin azumi. Na lissafa na ga in na ci, aka rantsar da ni, na nemi fasfo cikin gaggawa, zan iya ganin watan azumi a tsakar gidanmu. Saura sati biyu, sai matata ta gaya mini ta rubuta sunana a wani aji na kyauta da ake yi ranar Asabar da safe a East Greensboro, inda ake gwada mutum kamar ranar gaske. Na je ne don a zauna lafiya a gida, kuma ba zan ɓoye ba, don in nuna musu.

Ɗaki ne a bayan wani coci, da kujerun roba da tukunyar kofi. Mu wajen goma sha biyu ne, akwai mutanen Biyetnam, akwai 'yan Kwango, akwai wata mata 'yar Sudan. Mai koyarwar tsohuwa ce baƙar fata 'yar asalin garin, ta yi aikin malanta har ta yi ritaya, gashinta fari fat, da tabarau a rataye a wuya. Ni Mama nake ce mata, ta kuma yarda. Ta ajiye kujera biyu a gaban aji suna fuskantar juna, ta ce wa zai fara. Na miƙe.

Ta buɗe baki ta yi wata doguwar magana ta tsaya. Na jira lamba, ban ji lamba ba. Na ce a raina to tunda ba ta kira ba, daga farko ta fara. Na gyara zama na ce, "Kwanstitushan."

Ta dube ni ta saman tabarau. Ta sake wata maganar. Na ba ta ta biyu. Ta sake, na ba ta ta uku, da ƙarfi ma, har da ɗan rangaji. Sai na ji wani ɗan Kwango ya tuntsire da dariya a baya. Daga baya aka fassara mini abin da ya faru. Ta tambaye ni wane teku ne a gabashin ƙasar, na ce kundin tsarin mulki. Ta tambayi sanatoci nawa ne, na ce yana kafa gwamnati. Ta tambayi wane wata ake zaɓen shugaban ƙasa, na ce mu jama'a.

Mama ba ta yi dariya ba. Ta ce in faɗa mata yadda na yi karatun. Na ciro carbi na nuna mata, na ce ta kira kowace lamba. Ta kira lambobi biyar, na ba ta amsoshinsu biyar.  Ta cire tabarau ta goge, sannan ta yi mini magana a hankali, kalma ɗaya ɗaya, yadda ko ni zan gane. Ta ce ba ta taɓa ganin mai kai irin nawa ba, kuma ba ta taɓa ganin wanda ya shirya faɗuwa da kyau irina ba. Ta ce babu lamba. Babu jeri. Jami'i tambaya yake yi, daga duk inda ta fito.

Ban tsaya an gama ajin ba. Daga can shagon Alhaji na wuce.

"Wace ce ta faɗa?" ya ce.

"Wata tsohuwar malamar makaranta ce a coci."

"Ma'aikaciyar gwamnati ce?"

"A'a."

"To! Tsohuwar malamar lakkwal ce, 'yar makarantar boko, dole ta birkita muku don ku ga ta iya. Kai ka taɓa ganin abin gwamnatin ƙasar nan da ba lamba? Asibiti lamba, lasin lamba, kai kanka lamba ne da kai. Sai ranar da ta fi kowace rana za su bar lamba? Bakano, je ka yi tilawarka."

Na fita na rasa wanda zan bi. Maganar Mama ta shiga kunnena, amma maganar Alhaji ta fi daɗi, don in Mama ce ke da gaskiya, wata huɗuna sun tafi a banza kuma saura kwana goma sha huɗu. Wani dare in ɗauki littafin in ce bari in gwada tambayoyin, in karanta uku kaina ya yi zafi, in koma carbi in ji daɗi. Na ce bari in tambayi jama'a a raba gardama.

A nan ne na yi kuskuren da ya fi na farko. Ranar Juma'a bayan an idar da salla, muna tsaye a filin ajiye motoci ana gaisawa, Alhaji yana tsakiya kamar kullum, da mutum uku da na san sun ci jarrabawar nan ba da daɗewa ba, dukansu 'yan boko, ɗaya ma injiniya ne da ke zaune a unguwar masu hali ta Sedgefield. A gaban Alhaji na yi tambayar. Na ce, "Jama'a, ku raba ni da wata tsohuwa. Alhaji ya ce lamba ake kira, ita ta ce ba a kira. Ku da kuka shiga kwanan nan, yaya abin yake?"

Injiniyan ya dubi Alhaji, ya dubi takalminsa. Ya ce, "To, ka san kowane jami'i da yadda yake yi." Na biyu ya ce, "Ai Alhaji ya riga mu sanin ƙasar nan." Na uku ya ce shi dai abin da zai ba ni shawara, in sa kwat, kada in sa babbar riga. Wani da ba a tambaye shi ba ya ce shi ƙanin matarsa sunansa kawai aka tambaya. Wani ya ce in shiga da ƙafar dama. Alhaji ya buɗe hannuwa ya ce, "Ka ji ko?"

Na ji. Ni da na girma a cikin mutanen nan, na san sarai ba wanda zai ƙaryata dattijo a tsakiyar jama'a ranar Juma'a. Ni ma da ni ne ba zan yi ba. Amma a ranar ban so in sani ba, sai na ɗauki kawaicinsu na mayar da shi shaida.

Ranar intabiyu matata ta ɗauki hutu, muka yi tafiyar awa ɗaya da rabi zuwa garin da ofishin yake. Na sa kwat. Jami'ar da ta kira ni matashiya ce, mai fara'a, ba ta yi mini komai ba sai alheri. Ta sa na ɗaga hannu na yi alkawarin faɗin gaskiya. Ta bi takarduna, sunana, aikina, tafiye-tafiyena, duk na amsa, don matata ta horar da ni a kansu. Ta ba ni layi ɗaya in karanta, na karanta da ƙyar. Ta faɗi layi ɗaya in rubuta, na rubuta kamar mai sassaƙa turmi, ta ce ya yi. Sannan ta juya ga kwamfuta ta yi tambaya ta farko.

Na jira. Ita ma ta jira. Na ce, "Namba?" Ta ce ba ta gane ba. Na ce wace lamba ce tambayar. Ta yi murmushi ta ce ba ta da lamba a gabanta, bari ta maimaita.

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Amsa ɗari suna cikin kaina a jere, ina ganinsu, ko ɗaya ba ta ɓata ba, amma ban san wacce ake kira ba. Na sa hannu ƙarƙashin tebur ina bin gaɓoɓin yatsuna. In na tsinci kalma ɗaya da na sani a cikin tambayar, sai in fara tilawa a zuci daga inda nake zato, leɓena yana motsi, ina neman amsar da ta yi kama da ita. Jami'ar tana kallona, ta tambaya ko ina son ruwa. Na ci biyu, ɗaya a kan tuta, ɗaya a kan babban birnin ƙasa, su ma don na ji kalmomin a talabijin ne. Da na kuskure biyar ta tsaya, don ko na ci sauran ba za su kai shida ba. Ta ce kada in damu, ina da dama ta biyu, za a aiko mini da rana bayan wata biyu zuwa uku, kuma wannan ɓangaren kawai zan sake.

A mota matata ba ta ce komai ba har muka shigo Greensboro. Da ta ce ai na gaya maka, da na sami wanda zan yi faɗa da shi. Ba ta ba ni wannan ba.

Takarda ta zo, ranar ta faɗa tsakiyar azumi. In ban je ba, an rufe fayil ɗina, sai in koma farko. Na kira gida. Na yi wa ƙanwata bayani, ta ce in gaya wa Inna da kaina, ita ba za ta iya ba. Aka kai mata waya kunne.

"Inna, azumin nan ba zan samu zuwa ba. Jarrabawa na faɗi."

 Sai ta ce, ba da ni take ba, da ƙanwata take, "Mutum da furfurarsa, wace jarrabawa kuma?" Daga nan ta tambayi jikoki.

Washegari na je shagon Alhaji. Na jira har masu sayayya suka fita, ya rage ni da shi. Na ce, "Alhaji, don Allah ranar da ka shiga ɗakin nan, wace lamba suka fara kira maka?"

Ya ɗan sosa gemu. "Ni? Ai ni nawa daban ne. Shekaruna sun kai, kuma na daɗe a ƙasar, sai aka yarda in shiga da tafinta. Da Hausa aka yi. Nawa ma ba ɗari ba ne, kaɗan ne."

"To lambar fa?"

"Ban tuna an kira lamba ba. Tafinta ne yake gaya mini, ina amsawa."

"To ina ka samo maganar lamba, Alhaji?"

"A littafin mana. Ba ga su nan a rubuce ba? Na ce tunda sun wahala sun rubuta, ai da amfaninsu."

 Wasan da ke tsakaninmu ya ba ni damar in gaya masa magana, na buɗe baki, amma ban sami ta wasa ba, ta gaske kuma ba ta faɗuwa ga sa'an ubana. Shi ma ya ga haka. Ya zauna a kan buhun shinkafa, ya cire hula, ya ce, "Ƙanena, na cuce ka ban sani ba. Ka yafe mini." Tun da na san shi bai taɓa ce mini ƙanena ba. Na ce ya wuce. A hanyar fita na haɗu da injiniyan nan zai shiga, ya riƙe hannuna ya ce wallahi ya so ya kira ni a waya tun ranar, sai abubuwa suka yi masa yawa. Na ce masa na gode.

Asabar ta zagayo na koma wurin Mama. Na shirya jin magana, amma cewa kawai ta yi in ja kujera. Ta yanka tambayoyin ɗaya ɗaya a kan kati, ta yanke lambobin da almakashi a gabana, ta zuba a gwangwanin biskit ta girgiza. Wahalar da na sha a satin farko ta fi ta wata huɗun baya. Abin da aka haddace a jere ba ya son rabuwa. In na ba da amsa daidai, sai bakina ya wuce da kansa ya kawo ta gaba, Mama ta buga tebur ta ce tsaya. Wani lokaci in gane tambaya sarai, amma amsar ta ƙi fitowa sai na bi ta kan 'yan'uwanta tara da ke gabanta. Na kai inda ba ni da jerin, ba ni da ma'anar, ina tsakiya. Da yamma matata ta zauna da ni tana fassara mini kowace tambaya da Hausa, ni kuma ina tambayar abin da yaro ɗan aji uku ya sani. A nan na ji Misisifi kogi ne.

Akwai ranar da ba na son tunawa kuma ba na son mantawa. Mama ta ciro kati ta karanta, ban gane ba, ta sake a hankali. Tambayar ita ce, waɗanne mutane ne aka kamo aka kawo ƙasar nan aka sayar a matsayin bayi. Na tsaya ina lalube. Sai ta ajiye katin ta nuna ƙirjinta da yatsa, sannan ta nuna ni. Na ce, "Afirikans." Ƙwaya ta sittin. Wata huɗu ina rera kalmar nan da rangaji a kan kwali, ina jin daɗin yadda take fita, ban san kakannin matar da ke gabana nake ambata ba. Ta gaya mini mahaifinta sai da ya tsufa kafin ya taɓa jefa ƙuri'a, kuma a cikin garin nan akwai kantin da ba a yarda irinta ta zauna ta ci abinci ba lokacin tana yarinya. Shekara goma sha uku ina bin titunan, ban sani ba. Daga ranar na daina rangaji.

Ranar intabiyu ta biyu da azumi a bakina na shiga. Wani jami'i ne daban, mai sanƙo. Ba zan ce ban ruɗe ba. Sau uku ina cewa ya maimaita, sau ɗaya na ce masa kai tsaye ban gane ba, ya sake faɗa a hankali, ashe an yarda a yi hakan. Na kuskure biyu. A ta takwas ya daina tambaya ya fara buga kwamfuta, na zauna ina jiran ta tara, sai da ya ce na ci sannan na gane shida sun cika.

Rantsuwa ta ɗauki nata lokacin, fasfo ya ɗauki nasa, sallamar wurin aiki ita ma haka. Sai daf da babbar Sallah na sauka Kano. Na sami Inna da ranta da hankalinta. Na zauna da ita wata bakwai, ni nake ɗaga ta, ni nake fitar da ita rana da safe, kuma har ta koma ga Allah ba ta kira sunana ba, amma in na fita sai ta tambayi ina wancan ya tafi. Ta rasu a Rajab. Azumin da ta nema ba mu yi shi tare ba, kuma wani azumin bai same ta ba. Na gode wa Allah da wata bakwai ɗin, amma ba zan yi wa kaina ƙarya ba, abu ɗaya ta roƙa, ban kawo ba.

Ban riƙe Alhaji a rai ba, ban riƙe mutanen filin masallaci ba, sun yi abin da aka tarbiyyantar da mu a kai ne. Laifin nawa ne. An gaya mini gaskiya da sauran kwana goma sha huɗu, na tafi neman wanda zai ce mini ƙarya ce. Abin da na koya ke nan, kuma da tsada na koye shi. Yanzu in abu ya shige mini duhu, ba na gyaɗa kai, cewa nake ban gane ba, ko a gaban wa. In kuma ina son jin gaskiya daga bakin mutanenmu, sai in ja mutum gefe shi kaɗai, inda ba babban da zai ji kunya, in tambaye shi. In amsar da ya ba ni ta yi mini daɗi da yawa, sai in je in sake tambayar wani.